Yadda ake taka Hanyar Likiya a ƙafa ana kwana a gidajen baƙi na ƙauye

Hanyar Likiya doguwar hanyar ƙafa ce da ke kudu maso yammacin Turkiyya. Ta taso daga Ovacık, kusa da Fethiye, ta bi gaɓar Bahar Rum har zuwa kusa da Antalya, tsawonta ya haura kilomita 500. An buɗe ta a 1999. Mai son taka ta duka sai ya ware wata guda, amma sabon shiga ya ɗauki yankin Ovacık zuwa Patara, domin ƙauyukansa kusa-kusa suke, kusan kowane dare akwai wurin kwana.

Ka je a Afrilu, Mayu ko Oktoba. Yuli da Agusta kada ma ka fara, zafin kan duwatsun nan yana kayar da ƙato.

Inda mutane suka fi faɗawa matsala shi ne lissafin kilomita. Hanyar dutse ce mai kaifi, hawa da gangara, kilomita 15 kan cinye awa shida ko bakwai. Daga bakin ruwan Kabak zuwa ƙauyen Alınca tazarar kaɗan ce a taswira, amma hawa ne na kimanin mita 700. Saboda haka ka tsara kowane yini da tambaya biyu: ina zan sami ruwa, kuma ina zan kwana? Ka fita da sassafe da lita uku aƙalla. Akwai tsofaffin rijiyoyin tara ruwan sama a hanya, sai dai wasu sai da igiya da guga, ruwansu sai an tace ko an jefa ƙwayar tsarkake ruwa, kuma zuwa Oktoba da yawa sun ƙafe. Famfon masallacin ƙauye ya fi zama abin dogaro, duk inda ka gan shi ka cika gora.

Alamar hanya layi biyu ne, ja da fari, a jikin dutse ko bishiya. Jan gicciye na nufin ba nan ba ne. In ka yi minti goma ba ka ga alama ba, koma inda ka ga ta ƙarshe. Kada ka yanke ta cikin daji, ƙaya da gangare za su tare ka. Ka sauke taswira a waya tun kana gari.

Gidajen baƙin, waɗanda ake kira pansiyon, galibi na iyali ne masu 'yan ɗakuna kaɗan. Ka buga waya ko ka tura saƙon WhatsApp tun ana gobe za ka iso, ka faɗi ku nawa ne, domin uwargida da ƙidayar baki take ɗora tukunya, kuma a ƙaramin ƙauye babu gidan abincin da za ka koma in ka rasa. Ka tambaya ko kuɗin ɗaki ya haɗa da abincin dare da karin kumallo. Ka riƙe tsabar lira, kuɗin Turkiyya, injin cirar kuɗi sai a garuruwa irin su Kalkan da Kaş. Ka cire takalmi a bakin ƙofa. Kana isa ka wanke safa ka shanya, domin danshin safa ne ke jawo bororo a ƙafa. Da safe, bayan burodi, zaitun, cuku, tumatir, ƙwai da shayi, ka roƙa a ƙunsa maka guzurin rana.

Jaka kada ta wuce kilo takwas ban da ruwa, takalmi kuma ya zama wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi. In karen makiyaya ya taso, kada ka gudu. Ka tsaya, ka ja da baya a hankali, ka kewaye garken.

Mai niyyar wucewa gaba ya sani cewa tsakanin Demre da Finike hanya tana hawa tsauni, kusan kwana uku babu gidan baƙi. Wanda ba shi da tanti ya hau ƙaramar motar haya da ake kira dolmuş ya tsallake wannan yanki. Lambar neman agajin gaggawa a Turkiyya ita ce 112.