Yadda zaka riƙe kujerar alƙalin tenis in ɗan wasa ya hau ka da masifa, namiji ne ko mace

Tun da aka fara kawo manyan gasannin tenis nan Saudiyya, Next Gen ta matasan 'yan wasa maza a Jidda a 2023, sai ta ƙarshen shekara ta mata a Riyad a 2024 wadda Coco Gauff ta cinye, yaranmu Hausawa na nan suka fara ɗaukar raket har da 'yan mata. Nima ta haka na fara hawa kujera duk Juma'a da Asabar bayan magariba ina yi wa yara alƙalanci a wani fili nan Jidda. Ƙirga maki ba shi ne wahalar aikin ba, wahalar ita ce lokacin da yaro ya taso maka da ihu iyayenshi na bayan waya suna kallo. To ga yadda nake yi, ga duk wanda watarana za'a ce masa hau ka ƙirga mana.

Kafin komai ka san matakan hukunci kamar sunanka. Laifin farko gargaɗi ne, na biyu a ba abokin karawa maki ɗaya, na uku a ba shi gem guda, ya'ani zagaye ɗaya na maki gaba ɗaya, daga nan babban jami'in gasa zai iya korar mutum daga wasan. Abin da mutane basu ganewa shine laifukan taruwa suke ko da ba iri ɗaya bane, ya'ani in ka fasa raket ɗazu yanzu kuma kayi ashar, wannan na biyu ne ba sabon lissafi ba. Kuma ka faɗa musu wannan a bakin raga tun kafin a jefa kwabo, da Hausa da Larabci in akwai wanda baya jin ɗaya. John McEnroe, shahararren ɗan wasan Amurka, da kanshi an kore shi a gasar Ostireliya ta 1990 yana zaton saura mishi mataki ɗaya, ashe a lokacin an rage matakan bai sani ba, to ina ga yaro ɗan shekara 13.

Sai ka koyi raba ƙorafi da cin mutunci. Yaro yace wallahi ƙwallon nan ciki take, ya ɗaga murya, ya ɗora hannu a ka, duk wannan ƙorafi ne, ka barshi ya faɗi nashi, ka amsa sau ɗaya a hankali, na ganta a waje, shikenan, kar ka sake maimaitawa kar kuma ka biye mishi da gardama. Daƙiƙa 25 ne tsakanin maki da maki, ka bari lokaci yayi maka aikin, in ya cika kace mu ci gaba. Amma da zarar magana ta taɓa amanarka, ɓarawo, maƙaryaci, an biya ka, kana son wancan don ɗan garinku ne, to an tsallake iyaka.

A nan ne nake so mu tsaya kan maganar Serena Williams, shahararriyar 'yar wasan Amurka, don duk wanda zai hau kujera ya kamata ya san ta da kyau ba jita-jita ba. Wasan ƙarshe na US Open, babbar gasar Amurka, ne a 2018 da Naomi Osaka, alƙalin Carlos Ramos ɗan Fotugal. Ya fara mata gargaɗi saboda kocinta Patrick Mouratoglou yana mata alama da hannu, lokacin doka ta hana, kuma shi kocin ya amsa daga baya cewa yayi. Ita ta ɗauki abin a matsayin an ce mata mai maguɗi, ranta ya ɓaci. Ta fasa raket aka cire maki. Ta ce masa maƙaryaci, ta ce masa ɓarawo, aka ba Osaka gem. Aka tashi 6-2, 6-4, aka ci ta tarar dala 17,000. Hujjarta ita ce maza sun faɗi abin da ya fi haka ba'a cire musu gem ba.

Ni a ganina in littafin doka za'a buɗe, Ramos bai ƙirƙiro komai ba, ko wane mataki yana nan a rubuce, hukumar tenis ta duniya ma ta goya masa baya. Amma kuma bazan ce kukanta na banza bane, saboda a wannan gasar dai aka yi wa Alizé Cornet ta Faransa gargaɗi don ta juya rigarta da ta sa a baibai, alhali maza na zama ba riga a kujera kullum, har masu gasar suka ce sun yi nadama. A wannan gasar dai alƙali Mohamed Lahyani ya sauko daga kujera yana lallashin Nick Kyrgios ya dage da wasa, aka dakatar da shi gasa biyu. Kaga an lallashi wani, wata kuma an bi ta da littafi daki-daki, dole mai kallo yayi tambaya. Masu cewa babu wariya suna kawo lissafin da New York Times ta buga, daga 1998 zuwa 2018 a manyan gasa huɗu an ci maza tara sau 1,517, mata sau 535. Gaskiya ne, sai dai lissafin waɗanda aka hukunta ne, babu wanda ya ƙirga waɗanda aka ɗauke wa kai, kuma a nan ne son rai yake ɓuya.

Na san haka ne don ya faru da ni. Wani dare nayi wasa biyu a jere, na farko na samari, ɗaya ya doka raket a ƙasa yayi ihu, nace masa kai yi haƙuri mu ci gaba. Na biyu na 'yan mata, wata yarinya 'yar abokina ta doka nata raket ɗin, ko ihun bata yi ba, nan take nace gargaɗi. Bayan an tashi ta zo ta tsaya gefen kujera tace Baffa, ɗazu fa ina nan zaune lokacin da wancan yayi, baka ce masa komai ba. Na rasa amsa, don gaskiyarta ne. Da na zauna na duba zuciyata sai na ga abin da muka tashi da shi ne, namiji in ya fusata sai ace zuciya ce, jarumi ne, mace in ta fusata sai ace rashin kunya, ba tarbiyya. Ban yi niyyar zaluntarta ba amma na zalunce ta, kuma na bata haƙuri a gaban babanta.

Tun ranar na samu ƙaramin littafi. Ko wane wasa ina rubuta wa yayi me, a wane maki, me nayi masa, har da waɗanda na ƙyale da baki kawai, wannan shafin na waɗanda na ƙyale shi yafi amfani, ƙarshen wata in duba in ga su waye suka fi yawa a ciki. Kaima kayi haka. Kuma ka yanke tun kafin wasa: in zaka riƙa yin magana ta sirri kafin hukunci, irin ka kira yaro lokacin canjin gefe kace ka kula fa, na gaba gargaɗi ne, to kowa sai ya samu wannan maganar sau ɗaya, mace da namiji, ɗan Bahaushe da ɗan Balarabe da ɗan Filifin. In baza ka iya ba kowa ba kar ka ba kowa.

Ɗayan gefen ma ka kiyaye, kar ka ƙyale yarinya don ta fara hawaye ko don kana jin nauyin mamarta, saboda a ɗaya gefen ragar ma wata 'yar ce tsaye tana jiran haƙƙinta. Osaka shekararta 20 ranar wasanta da Serena, kofinta na farko babba, tana kuka ta karɓe shi jama'a na ihu.

Akwai abin da babu mataki a cikinsa. Alexander Zverev ya riƙa dukan kujerar alƙali da raket a Akapulko ta Meziko a 2022 aka kore shi daga gasar, Novak Djokovic ya buga ƙwallo da fushi ta samu wata mai duba layi a maƙogwaro a US Open ta 2020, ba da gangan ba, amma aka kore shi yana na ɗaya a duniya. Duk wanda ya sa lafiyar wani cikin haɗari ka tsayar da wasa ka kira mai gasar, halas.

Iyaye kuwa su ne rabin mushkila. Daga 2025 doka ta sassauta maganar koci daga waje, don haka ku yi ittifaƙi kafin a fara, za'a bari ko baza'a bari ba. In uba ya fara alƙalanci daga bayan waya kar ka amsa masa daga sama, jira canjin gefe ka sauko kace Alhaji dan Allah a bar min wannan, in an gama sai mu yi magana, yawanci sun fi jin wannan a kan a kunyata su cikin mutane.

Mu bamu da na'urar duba layi irin wadda gasar Wimbledon ta Ingila ta koma kanta a 2025, filayenmu kuma masu tauri ne basa barin sawun ƙwallo, idonka ne kawai. In ka ga an yi kuskure ka gyara nan take kafin kowa ya buɗe baki, in ka bari sai da aka yi maka ihu to kar ka canza, don daga ranar kowa zai gane ihu na aiki a kanka. Maganar abin da ya faru ka barta sai yaro ya sha ruwa ya zauna kamar minti goma, sannan ka buɗe littafin ka nuna masa abin da ka rubuta a kanshi da abin da ka rubuta a kan wanda ya buga kafin shi.