Yadda Ake Sake Wa Kwamfuta Windows Ba Tare Da An Share Kayan Mai Ita Ba

Duk yaron da ya yi wata guda a shagon gyaran kwamfuta ya iya danna Suivant, wato maɓallin ci gaba, har Windows ta hau. Ba nan gizo ke saƙar ba. Ɓarnar da nake gani a Maradi kusan kullum a wuri ɗaya ake yin ta, wato shafin da ake zaɓar ɓangaren diski, kuma mai ɓarnar yakan yi ta ne da zuciya ɗaya, yana ganin gyara yake yi. Duk abin da zan faɗa kafin mu kai shafin nan shiri ne don kada hannunka ya yi rawa in ka iso shi.

Fara da mai kwamfutar. Za ka tambaye shi, "Alhaji, akwai abin da kake so a ciki?" zai ce maka, "Babu komai, share ta kawai." Kada ka yarda. Zaunar da shi kusa da kai ku buɗe Bureau da Documents da Images, musamman Téléchargements, don nan ne mutane ke tara takardu ba su sani ba. Nan take za ka ji ya ce, "Af, wannan hoton takardar fili ce, kada ta ɓata." Kwashe komai zuwa diski na waje, sannan ka buɗe abin da ka kwafa ka gani da idonka. Ƙwayar cutar nan da ke yawo a kile, wato filashi, takan ɓoye jakunkunan ajiya ta bar gajerun hanyoyi masu kama da su. In ka ga jakar da ya kamata ta kai giga uku tana nuna kilobayit ɗaya ko biyu (Ko ake rubutawa a Faransanci), to ba ka kwafi komai ba. In kuma ka ga alamar kwaɗo a kan C:, wato ɓangaren da Windows take, BitLocker ne, makullin diski na Windows, ya kulle ta. Kwashe kayan tun Windows ɗin tana buɗewa, domin in ta daina, sai da mabuɗi mai lamba 48, kuma mafi yawan masu kwamfutar hannu ba su taɓa jin labarinsa ba.

Kana nan cikin tsohuwar Windows ɗin, yi abubuwa biyu da ba za su ci maka minti biyar ba. Canza wa D: suna, wato ɓangare na biyu da mai ita ke ajiya a ciki, ka sa mata KAYA da manyan baƙaƙe, ka rubuta girman C: da na D: a takarda. Sai ka danna maɓallin Windows da R, ka rubuta msinfo32, ka duba layin Mode BIOS: ko dai UEFI ko Hérité, wato sabuwar hanyar tayar da kwamfuta ko tsohuwar. Shi ma rubuta shi. Za ka ga amfaninsu nan gaba.

Wace Windows za ka sa? Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 tun Janairun 2020, saboda haka ba na sa wa kowa ita, ko da ya ce ita ya saba da ita. Windows 10 ma tallafinta ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025. Saura Windows 11, wadda ta fito a 2021, ita kuma tana da sharuɗɗa: TPM 2.0 (wani ɗan sashen tsaro a cikin kwamfuta), RAM giga 4, diski giga 64, da furosesa na Intel daga zubi na 8 zuwa sama. Gane zubin ba wuya. i5-6300U zubi na 6 ne, i5-8250U na 8, i5-1135G7 na 11. Kwamfutocin da suka cika hannun ɗalibai da ƴan kasuwarmu, irin su HP EliteBook 840 G3 da Dell Latitude E7470 da ThinkPad T460, duk ƴan zubi na 6 ne. Ƙa'idata ita ce: zubi na 8 zuwa sama, Windows 11 kai tsaye. Zubi na 6 ko na 7 mai RAM giga 8 da SSD, wato diski mai sauri marar juyawa, ina sa mata 11 ta hanyar tsallake sharuɗɗan, amma sai na gaya wa mai ita cewa Microsoft bai ɗauki alkawarin ci gaba da ba irinta sabuntawa ba. Abin da ya gaza haka, in buga takardu da shiga intanet ne kawai aikinsa, Linux Mint, wadda ake sawa a madadin Windows, ta fi masa alheri, kyauta ce kuma ba ta da nauyi. Giga 4 ɗin nan da suka rubuta, a takarda ne kawai take isa. Kuma in mai kwamfuta yana da ƴan jikkunan da zai kashe, SSD zai fara saye kafin komai, domin sabuwar Windows a kan tsohon diski mai juyawa ba ta daɗewa take komawa tafiyar hawainiya.

Windows ɗin kuwa daga shafin Microsoft za ka sauke ta. Waɗannan da ake kira marasa nauyi, da ake tura wa juna daga kile zuwa kile, ba wanda ya san abin da aka cire ko aka cusa a cikinsu, ba na barin su shiga shagona. Fayil ɗin ya haura giga 5, sai ka nemi forfe, wato datar waya, na dare ko ka je inda ake da wifi mai ƙarfi, sau ɗaya ne ka adana shi. Tun wajen saukewa ake zaɓar harshe. Ka tanadi na Faransanci da na Ingilishi duka biyu, don garin nan akwai ɗan lakwal akwai kuma wanda ya yi karatunsa a Katsina ko Kano.

Sami kile mai giga 8 ko fiye, wanda babu komai a kansa domin za a share shi, ka buɗe Rufus, manhajar da ke zuba Windows a kan kile. Ga inda takardarka za ta fara aiki. A gurbin Schéma de partition, in ka rubuta UEFI ɗazu zaɓi GPT, in Hérité ka rubuta zaɓi MBR. Da ka danna Démarrer zai kawo maka ƴan akwatuna, ciki har da na cire sharaɗin TPM da na cire tilascin asusun Microsoft. Na biyun kullum ina sa masa alama. Kafin ka ci gaba, cire diskin wajen da ka kwashe kaya a kansa ka ajiye shi nesa da teburin. Ka kuma tabbatar batir ya cika. Da yawa cikin kwamfutocin nan batirinsu ya mutu, kuma a watannin Afrilu da Mayu wuta ba ta sallama kafin ta tafi. In babu batir, babu sola, babu ondila mai riƙe wuta, bari sai dare ya yi nisa. Sa kile, kunna kwamfuta, ka riƙa danna F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo, Esc a Asus, har jerin da za ka zaɓi kile a ciki ya fito.

To mun iso wurin. Zaɓi Personnalisé. A sababbin fitowar Windows 11 shafukan sun ɗan canza kama, amma jerin ɓangarorin diskin yana nan. Abin da ke ruɗa sabon shiga shi ne babu C: babu D: a nan. Abin da zai gani shi ne Lecteur 0 Partition 1, Partition 2, Partition 3, har biyar ko shida, wasu ƙanana masu 100 Mo ko 16 Mo, wato mega 100 ko 16, wata an rubuta mata Récupération, sai manya guda biyu masu sunan Principal. Ɗaya ce tsohuwar Windows, ɗaya ce rayuwar mai kwamfutar. Da yake ka sa suna, za ka ga KAYA a rubuce jikin ɗaya. Wannan ko kusa da ita kada linzaminka ya je. Ɗayar kuma gwada girmanta da abin da ke takardarka, in sun yi daidai ita ce C:. Ita kaɗai za ka yi wa Formater, ka bar ƙananan yadda suke, ka danna Suivant. In kwamfutar tana da diski biyu za ka ga Lecteur 0 da Lecteur 1, kuma ba dole ba ne Windows ta kasance a kan 0. Girma da suna ne shaidarka, ba lamba ba.

Wani lokaci sai maɓallin Suivant ya ƙi, ƙasa a rubuta cewa ba za a iya sa Windows a wannan diski ba saboda tsarinsa GPT ne, ko kuma saboda MBR ne. Nan ne yaro ke zaro waya ya shiga YouTube, kuma bidiyon farko zai ce masa ya danna Shift da F10, ya rubuta diskpart, sannan select disk 0, sannan clean. Dabarar tana aiki, shi ya sa ta yaɗu. Abin da mai bidiyon ba ya tsayawa ya faɗa shi ne clean ba ɓangare ɗaya yake sharewa ba, diskin gaba ɗaya yake mayarwa fili, har da KAYA, cikin daƙiƙa biyu, ba tare da ya tambaye ka ko ka tabbata ba. An ce ka yi wa ɗaki ɗaya shafe, kai kuma ka rushe gidan.

Wata ɗaliba daga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta taɓa shigo mini da HP ɗinta rungume a ƙirji, saura ƴan makonni ta kare kundinta na ƙarshen karatu. A wani shago aka sake mata Windows, kuma ta gaya musu komai nata yana D:. Muka buɗe, ɓangare ɗaya tak ne a diskin, sabuwar Windows tana ƙyalli. Ta ce, "Malam, don Allah duba da kyau, sun ce mini yana nan." Muka kwana biyu PhotoRec, mai tono fayilolin da aka share, yana tono. Ya fito da dubban fayiloli marasa suna, lambobi kawai, ta zauna tana buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ta samu babi biyu na tsohon kwafi da rabin hotunan binciken da ta yi a ƙauyuka. Sauran sabuwar Windows ta riga ta kwanta a kansu. Wannan ma don diskinta tsoho ne mai juyawa. Da SSD ne, da wuya a samu ko wannan, domin shi da kansa yake goge gurbin da aka ce masa babu kowa.

Saƙon nan na GPT da MBR ba yana nufin diski ya lalace ba. Yana nufin hanyar da ka tayar da kile ba ta dace da tsarin diskin ba. Maganinsa fita ne. Kashe kwamfutar, koma jerin F9 ko F12, ka duba ko sunan kilenka ya fito sau biyu, ɗaya da UEFI a gabansa ɗaya babu. Diskin GPT yana son mai UEFI, na MBR yana son ɗayan. In sau ɗaya ya fito, koma Rufus ka sake kilen da ɗayan tsarin, aikin minti goma sha biyar ne. Ni kile biyu nake ajiyewa, na ɗaura wa na MBR jan zare. In dai dole sai an mayar da diskin GPT, kamar mai son Windows 11 a kan UEFI, to sai ka kwashe D: ɗin ma gaba ɗaya zuwa waje, ka buɗe ka tabbatar, ka gaya wa mai ita, sannan ka share. In kuwa aikin gama ya gama, wani ya riga ya rubuta clean, to a tsaya nan, kada a danna Suivant. Muddin ba a rubuta komai a kai ba, manhajar TestDisk takan dawo da ɓangarorin yadda suke.

Akwai kuma ranar da jerin zai fito fayau, babu diski ko ɗaya. A kwamfutocin Intel zubi na 11 zuwa sama aka fi ganin haka. Direban Intel RST ne babu, wato ƴar manhajar da ke sa Windows ta ga diskin. Sauko da shi daga shafin kamfanin kwamfutar ka loda ta Charger un pilote, ko ka kashe saitin da ake kira VMD a BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi. Kada ka sa bawan Allah sayen sabon diski a banza.

Daga nan sauran mai sauƙi ne. In ta sake kunna kanta karon farko, zare kile don kada ta mayar da kai farko. Wajen zaɓar allon rubutu kalli maɓallan da ke gabanka, ba harshen Windows ba. Wadda ta biyo ta Dan Issa daga Kano yawanci QWERTY ce, wadda ta fito Faransa AZERTY, kuma a AZERTY sai da Shift lambobi ke fita. Mutum ya sa kalmar sirri a tsarin da bai dace ba, washegari ya kasa shiga kwamfutarsa. Ni ba na sa kalmar sirri sai an gama komai, mai ita ya sa da hannunsa. In wifi bai fito ba, haɗa wayarka da kebul ka ba ta intanet, Windows Update zai kawo direbobin. Kafin haka sa layin a Connexion limitée in forfe kake ci, in ba haka ba ta shanye shi kafin ka sha ruwa. Tun zamanin Windows 8 yawancin kwamfutocin kamfani lasisinsu yana cikin BIOS, in ka sa irin wadda ta zo da ita, Famille ko Pro, da kanta za ta kunnu, babu buƙatar manhajar fashi. Rigakafin da ke cikin Windows ya isa, kada ka jibga mata wani. Ƙara mata allon Hausa a saitin harshe, AltGr, wato Alt na hannun dama, da k, d, b ko y zai ba mai ita ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. Mayar masa da kayansa, ya buɗe su a gabanka. Kwafin da ke diskinka riƙe shi mako guda ko zai dawo neman wani abu, ba tare da ka leƙa ciki ba, sannan ka kira shi ka shaida masa za ka goge.