Kafin a sauke maka giyabos, ga yadda ake gane ƙarar kuloci da ta giya a tsohuwar Hilux ko Land Cruiser

Masu tsofaffin Hilux da Land Cruiser, musamman mu nan Kebbi da mota ba ta san hutu ba, yau tana Aliero ta ɗauko albasa gobe tana fadamar Argungu cikin taɓo da buhunan shanshera, akwai maganar da kusan kowa ya taɓa ji a gareji. Ka je ka ce wa bakanike kana jin wata ƙara a ƙasan mota, ko tada ta bai yi ba sai ya ce "Alhaji giyar ga ta tafi, sai an sauke." To sauke giyabos na mota mai ogzilari, wato mai ja da taya huɗu, ba wasa ba ne, sai an kwance farfela biyu, wato dogayen ƙarafan da ke kai juyi ga tayoyin gaba da na baya, an cire sandunan giya, ga nauyin taransifa, akwatin da ke raba ƙarfi gaba da baya, da ke manne a bayansa, yini guda ne cur kuma kuɗin aiki ko an samu matsalar ko ba a samu ba sai ka biya. Alhali yawancin ƙarar nan da ƙafarka ta hagu da kunnenka za ka iya gane inda take tun mota na tsaye. Abin lura shi ne LOKACIN da ƙarar ke zuwa da lokacin da take ɗaukewa, ba irin sautinta kawai ba.

Fara da mota a tsaye. Ka bari inji ya ɗan yi zafi, ja hambirki, sa giya a firi, kashe rediyo da fanka, ka sauke gilashi. Ƙafarka na ƙasa ba ka taɓa kuloci ba, saurara. A wannan halin inji na juya kuloci, kuloci na juya shaf ɗin da ya shiga giyabos, shi kuma yana juya na ƙasansa, wato cikin giya akwai abubuwan da ke gudu duk da mota ba ta motsi. In kana jin gurnani ko wani shuuu, sai ka taka kuloci har ƙasa ka riƙe kamar daƙiƙa biyar. Ƙarar ta yi ƙasa a hankali ta mutu? To daga cikin giyabos take, galibi boris ɗin shaf na gaba ne ko na shaf ɗin ƙasa, domin taka kulocin da ka yi shi ya raba su da inji suka tsaya. Mutane da yawa a nan suke kuskure, sai su ce tunda taka kuloci ya kashe ƙarar ai kuloci ne ya lalace, a je a sayo sabon filetin kuloci a ɗaura, ƙara na nan daram.

Amma kar ka firgita da wuri in motarka dizal ce, irin injin 3L da 5L na Hilux ko 1HZ na Land Cruiser. Dizal a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, yana bugawa da ƙarfi, haƙoran giya da ba su ɗauke da kaya sai su riƙa kaɗawa kar-kar-kar, ka ɗan ƙara totur kaɗan sai ta ɓace. Wannan tsufa ne kawai, wani lokaci kuma sifirin ɗin da ke tsakiyar filetin kuloci ne suka saki. Mota na iya shekaru da ita a haka. Wadda ake tsoro ita ce gurnanin da ke ƙaruwa in ka ƙara wuta.

Yanzu juya gwajin. Mota shiru take a firi, sai ka ɗora ƙafa a kan kuloci ka danna a hankali, daidai inda feda ta fara tauri. In a nan ne ƙara ta taso, ƙiiii ko gurrr, kuma tana nan har ka kai ƙasa, ka saki ta ɗauke, rilis boris ne. Shi ne ke danna yatsun faifan da ke matse fileti, ba ya ɗaukar nauyi sai ka taka, shi ya sa sai an taka yake kuka. Abin da ke kashe shi da wuri a wajenmu abu biyu ne, direban da ke ajiye ƙafa a kan kuloci tun daga Birnin Kebbi har Kamba kamar matashi, sai kuma ruwa da laka da ke shiga gidan kuloci lokacin damina. Akwai kuma wata 'yar tsuwa cik-cik-cik da ke zuwa in ba ka taka ba, da ka ɗan taɓa feda da yatsan ƙafa sai ta yi shiru. Wannan sau da yawa cokalin da ke tura boris ɗin ne ya bushe a inda yake lilo, ana iya janye robar gefen gidan kuloci a shafa giris kaɗan ba tare da an sauke komai ba. In kuma ƙiƙi-ƙiƙin na nan ko inji a kashe, leƙa ƙarƙashin sitiyari, bushin feda ne ko sifirin ɗinta, aikin minti biyar.

Na uku shi ne wanda aka fi mantawa da shi, ɗan ƙaramin boris da ke zaune a tsakiyar fulawil, babban faifan bayan inji da kuloci ke manne a kai, a gindin kuranshaf, inda hancin shaf ɗin giya ke shiga, failot ake ce masa. Shi ba ya aiki sai gudun inji da na shaf sun bambanta. Saboda haka taka kuloci har ƙasa, sa lamba ɗaya, riƙe birki, mota na tsaye. In a nan ne kukan ya fi tsanani, fiye da lokacin da ka ɗan danna feda a firi, to shi ne. In ya fara kamewa kuma zai riƙa jan shaf ɗin ko ka taka kuloci, giya ta riƙa wuyar shiga, har mota ta riƙa ɗan son tafiya. Abu ne mai arha ƙwarai, amma kaiwa gare shi sai an sauke giyabos, abin haushin ke nan.

Sai maganar gurzar giya, wato ka zo sa giya ka ji ƙarrr. Tambayar farko, a giya ɗaya take yi ko a duka? In lamba biyu ce kawai ko uku kawai, musamman in ka yi sauri, zoben tagullar nan ne da ake kira sinkiro ya cinye, ka riƙa canjawa a hankali ko ka taka kuloci sau biyu irin na direbobin da, za ta kai ka wani lokaci. In kuwa duka ne har da ribas, to ba giyabos ba ne, kuloci ne ba ya saki. Gwada haka, kashe inji ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, in suna shiga sumul amma da ka tada inji suka ƙi, magana ta ƙare. Ko ka taka kuloci ka ƙirga uku sannan ka sa ribas, yawancin tsofaffin giyabos ɗin nan ribas ɗinsu ba shi da sinkiro, shi ya sa shi ke fara tona asiri. Daga nan buɗe bonet ka duba ɗan kofin man kuloci, man birki ne DOT 3 ake zubawa, in ya yi ƙasa to yana yoyo a wani wuri, duba masta na sama, famfon da ke tura man, ta cikin mota inda sandar feda ta shiga, ka duba na ƙasa da ke jikin gidan kuloci ka janye robarsa ka ga ko da jiƙa. Ka yi famfon feda sau huɗu biyar, in giya ta shiga bayan haka to iska ce a layin ko robar masta ta mutu. Feda kuma tana da 'yar sararar da ya kamata ta yi kafin ta fara tauri, a Hilux milimita 5 zuwa 15 ne, in babu sam kuloci zai riƙa zamewa, in ta yi yawa ba zai saki ba. Wallahi an sha sauke giyabos a kan abin da robar masta ce kawai.

Zamewa ba ta cika ƙara ba, wari take yi. Kana hawan tudu da kaya wajen Zuru, ka ba ta wuta a lamba huɗu, inji ya yi ihu mota ba ta ƙara gudu ba, ga ƙauri. Fileti ya ƙare ko baƙin mai ya zubo masa daga sil ɗin bayan inji, leƙa ƙasan gidan kuloci in yana ɗiga.

To yanzu a hau titi, a samu wuri mai kwalta mai kyau da ba cunkoso. A giyabos mai lamba biyar na motocin nan, lamba huɗu kai tsaye take, ƙarfin inji na wucewa ne ba tare da ya bi ta shaf ɗin ƙasa ba. Wannan ya sa ta zama ma'auni. In mota na kuka a ɗaya, biyu, uku da biyar amma da ka sa huɗu ta yi tsit, boris ɗin shaf ɗin ƙasa ne ko na gaba, ba shakka ciki ne. In a giya guda kawai take kuka, haƙoran wannan giyar ne, in kuma ƙwas-ƙwas-ƙwas ce mai bin gudu to haƙori ya ɓalle, kar a ci gaba da tafiya da ita don guntun na yawo cikin mai. Lamba biyar ita ta fi shan wahala, ƙarama ce kuma ba a yi ta don kaya ba, amma sai ka ga an lafta wa Land Cruiser buhu har sama da kai ana lallaɓawa a biyar wai ana tsimin mai. In giya na fita da kanta, kafin a ce ciki ne a duba giya sit da injin sit, wato robobin da giyabos da inji ke zaune a kai, a kuma cire sandar giya a ga bushin robar da ke gindinta, a Toyota yana narkewa ya bar sanda na rawa.

Gwaji na gaba shi ke raba giyabos da sauran ƙasan mota. Kana cikin gudu ƙarar na yi, taka kuloci ka sa firi ka bar mota ta gangara, inji ya koma silo. In ƙarar ta bi inji ta yi ƙasa, to tana wajen inji, kuloci ko giyabos. In tana nan tana bin gudun taya, to ka bar zargin kuloci kwata-kwata, nemi taransifa, farfela, aksul, boris ɗin ƙafa, ko ma tayar kanta in mai manyan ƙaya ce. Kukan aksul na canjawa in ka taka totur ko ka saki. Boris ɗin ƙafa na canjawa in ka ɗan karkata sitiyari hagu ko dama. Gau ɗin da ake ji in an tashi ko an koma ribas kuwa yawanci kuros ne, wato mahaɗin da ke bakin farfela, sa dutse gaba da bayan taya, giya a firi, ka shiga ka kama farfela ka murɗa ka girgiza, in da wasa ko ka ga jan ƙura kamar tsatsa a bakin kofunan kuros, ya mutu. Don Allah kar a shiga ƙarƙashin mota a kan jek kaɗai, balle inji na aiki.

Ɓangaren ogzilari na da nasa rikicin. Duba hob, wato makullin da ke tsakiyar tayoyin gaba, in suna LOCK to aksul da farfelar gaba na juyawa ko da ƙaramar sandar ogzilari na kan H2, wato ja da taya biyu, mayar da su FREE ka sake gwadawa, in ƙara ta ɓace ka san gaba take. Sau nawa ake fitowa daga fadama a manta, wani ma ɗaya a kulle ɗaya a buɗe. H4 da L4 kuma, wato ja da taya huɗu, na yashi da laka ne, yawancin motocin nan ba su da abin da ke raba gudu tsakanin gaba da baya, in ka hau kwalta da su sai ƙarfen ya ɗaure, sitiyari ya yi tauri a kwana, taya na tsalle, sanda ta ƙi fita sai ka ɗan yi ribas. Tayoyin da girmansu ba ɗaya ba su ma haka suke jawowa. Ɗan kukan L4 ba komai ba ne, haka take. Ƙas-ƙas a kwana in an sa ogzilari kuma joyin ɗin cikin ƙafar gaba ne.

Duk wanga bincike bai cika ba sai an ga mai. Giyabos da taransifa kowa da mansa da bakin zubawarsa, kuma a fara kwance noti na zubawa kafin na zubarwa, kar a tsiyaye mai sannan a tarar na sama ya ƙi kwancewa. Mai ya kamata ya zo daidai bakin ramin, ka sa yatsa ka taɓo shi. In ɗaya ya yi ƙasa ɗayan na ambaliya, sil ɗin tsakaninsu ya mutu, tsofaffin Land Cruiser sun saba da wannan. Mai ya koma fari-fari kamar koko, ruwa ya sha, kuma duk motar da ke tsallaka gulbi da damina ya kamata a duba ta bayan ruwa ya janye. Notin ƙasa na da maganaɗisu, laushin garin ƙarfe a jikinsa ba abin damuwa ba ne, ɓarɓashi mai kaifi shi ne mugun labari, ƙyalli ruwan zinariya kuma sinkiro ne ke narkewa. A zuba man giya mai lamba 75W-90 kamar yadda Toyota ta ce. Masu zuba 140 mai kauri don ƙara ta kwanta ɓoye ciwo kawai suke yi, da sanyin hunturu giya ba za ta shiga ba, kuma in za ka sayi tsohuwar mota ka ji giyarta shiru fiye da shekarunta, ka sa a buɗe notin nan a gabanka.

In dai bincike ya nuna dole a sauke, to a yi aikin sau ɗaya. Fileti, faifan matsewa, rilis boris, failot da sil ɗin bayan inji duk a canja tare, a duba fuskar fulawil in ta tsage ko ta yi shuɗi a kai a goge ta. Aisin da Exedy su ne kulocin da aka sani, boris kuma Koyo ko NSK ko Nachi, sai dai kwalin jabu ya cika kasuwa, saya wurin wanda in ta ɓaci za ka iya komawa shagonsa. Kar ka bari yaran gareji su wanke sabon rilis boris da fetur, giris ɗinsa a rufe yake ciki, kuma giris ɗin da za a shafa a haƙoran shaf ɗan kaɗan ne, in ya yi yawa fileti zai sha. Giyabos ɗan Beljiyam in za a saya, a juya shaf da hannu a bi kowace giya tun yana ƙasa, sannan a tabbatar lambarsa ta dace da injinka kafin a biya, na 3L ba lallai ya hau kan na fetur ba.