Sabuwar tab da batirinta: abin da za ka sa rai, da yadda za ka gwada

Shekara huɗu na yi da tsohuwar tab ɗina, wato na'urar nan mai kama da waya amma mai faɗin fuska. A cikinta nake ajiye littattafan da nake karantarwa a Islamiyyarmu ta Tudun Wada, kuma zuwa ƙarshe ta kai ga in na cire ta daga caji bayan Asuba, kafin Azahar ta mutu. Da na tara kuɗi na shiga shagunan PZ a nan Zariya na sayi sabuwa, mai shagon ya ce mini, "Malam, wannan kwana biyu za ka yi ba ka nemi caja ba." Ranar farko kafin Isha ta sauko kashi 20, har na yi niyyar mayar masa da kayansa. Gara da ban yi ba, don lafiyarta ƙalau. Ni ne na ɗora mata abin da ba a ƙera ta dominsa ba.

Fara da gyara tsammaninka. Tun iPad ta farko da ta fito a 2010, Apple awa 10 yake cewa za ta yi, kuma har yau awa 10 ɗin yake rubutawa in kana kan Wi-Fi, awa 9 in da datar layi kake shiga intanet. Samsung ma haka: Galaxy Tab A7 ta 2020 batirinta 7,040 mAh ne (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka), A9+ da ta zo bayanta da shekara uku ita ma 7,040 ɗin ne, alhali fuskarta ta fi girma, ta fi santsi wajen jan shafi. Injin ciki ya rage cin wuta, gaskiya ne, amma abin da aka rage nan fuska ce ke cinye shi. Saboda haka abin da kuɗinka ya saya shi ne ƙuruciyar batir, wato awannin da tsohuwar take ba ka lokacin da take sabuwa. Batir yana tsufa da yawan cikawa da ƙarewa. Apple ya ce na iPad zai riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan zagaye 1,000, kuma zagaye ɗaya shi ne ka cinye kashi 100, ko a zama ɗaya, ko rabi yau rabi gobe.

Sannan awa 10 ɗin nan ba a zauren Zariya aka auna ta ba. Mu a waje muke zama, mu ƙure hasken fuska don rana, layi kuma yana fama da katangar ƙasa mai kauri. Duk inda sabis ya yi rauni, na'urar tana ƙara ƙoƙari wajen neman sa, batir ne ke biya.

Kada ka yanke mata hukunci a kwanakin farko. A lokacin tana sauko da hotunanka da manhajojinka, tana sabunta kanta a ɓoye, kai ma ɗoki bai bari ka ajiye ta ba. Ba ta mako guda.

Bayan makon sai ka gwada da kanka. Cika ta, zare caja, sa haske a tsakiya, ka kunna bidiyon da ka riga ka sauke. Ni tafsirin azumin bara na sa. Duba agogo, ka bar ta awa ɗaya cur. In kashi 10 ta ci ko kusa da haka, to awa 10 ɗinka na nan. Tawa kashi 9 ta ci. In ka ga ta cinye 20, koma shagon tun rasit bai ɓata ba. Gwaji na biyu da dare ne: rubuta adadin da take kafin ka kwanta, ka duba da Asuba. Ragin kashi biyu ko uku ba komai. In ya yi yawa, shiga saitin batir, za ta jero maka manhajar da ke sha. A wurina Facebook ne da wani wasa da yarana suka sa, na hana su aiki a bayan fage, shi ke nan.

Mai sayen ta hannu, irin da ake kira London yus, ya ƙara kula: sabuwa ce a wurinka, ba a wurin batirin ba. iPad Pro da Air na 2024 zuwa sama suna nuna lafiyar batir da adadin zagaye a saiti, tsofaffin ba sa nunawa. Ka zauna a shagon ka yi gwajin nan ko na rabin awa ne. In ka ga gilashin ya ɗago daga jiki ko bayanta ya kumbura, ajiye ta ko nawa aka rage maka.

Abin da na fi jin tsoro shi ne zafi. Apple ya yi gargaɗi cewa zafin da ya wuce digiri 35 yana iya rage ƙarfin batir ragin da ba ya dawowa, kuma kowa ya san yadda Maris da Afrilu suke a garin nan. Zafi ne, nake kyautata zato, ya ƙarasa tsohuwar tawa, don a but ɗin mashin nake barin ta a rana. Yanzu ba na yi. In zan sa caji sai na cire mata riga, na ɗora ta kan siminti, ba kan katifa ba. In ka kai ta wurin masu caji, roƙe su kada su danne ta da wayoyi kusa da janareta.

Sababbin tab da yawa suna da saitin da ke tsayar da caji a kashi 80 ko 85 don batir ya daɗe. Yana da amfani, amma ra'ayina, in unguwarku sai a yi kwana biyu ba a kawo wuta ba, cika abarka. Ni sai da muka sa sola a gida na kunna shi. Kada kuma ka dogara da fawabank mai 10,000 mAh kana lissafin zai cika ta sau ɗaya da rabi. Wani kaso yana salwanta a hanya, da ƙyar zai cika ta sau ɗaya. Ƙaramin kan cajar tsohuwar waya kuwa zai kwana yana ja, nemi wanda ya dace da ita.

Yau wata bakwai ke nan. Ina cire ta bayan Asuba da kashi 85, in yi darasin safe da na yamma, in yi bita bayan Isha, in kwanta tana wajen kashi 25.