Yadda Ake Zaɓen Madubin Hangen Nesa Na Farko Don Kallon Taurari

Yawancin masu fara kallon sama tun daga kwali ake kayar da su. An rubuta 525x ko 675x da manyan haruffa, wai sau nawa madubin ke ƙara girman abu, ga hoton duniyar Zuhal da zobensa mai launi, mutum ya ɗauka ya yi gam da katar. Kafin wata biyu madubin ya koma bayan ƙofa yana shan ƙura. Mataki na farko ke nan: kawar da kai daga wannan lamba.

Abin dubawa shi ne faɗin baki, wato faɗin gilashi ko madubin da ke tara haske, ana rubuta shi da milimita. Ninka shi biyu, ka sami iyakar girman da zai ba ka hoto tsaf. Mai milimita 60 ba ya wuce sau 120, abin da ya haura nan dishi-dishi ne kawai. Mai 150 kuwa hasken da yake tarawa ya fi ninki shida na mai 60, shi ya sa yake fito da abin da ƙaramin ba zai taɓa nuna maka ba. Kuma ba wani girma ake buƙata ba. A 1610 Galileo ya ga watanni huɗu masu kewaya duniyar Mushtari da madubin da ke ƙara girma kamar sau 20, zoben Zuhal kuma yana fitowa sarai a sau 50.

Na biyu shi ne mazauni, kuma nan na fi ganin mutane suna karaya. Madubi mai kyau a kan siraran ƙafafu asarar kuɗi ne. Duk girman da aka ƙara wa hoto, haka aka ƙara wa rawarsa. Ka kai hannu za ka daidaita gani, Mushtari ya hau tsalle. Ka jira ya natsu, kafin nan ya sulale ya bar fili, domin duniya juyawa take yi, a girma sau 150 cikin minti ɗaya ko biyu ya fice. Ka tura bututun kaɗan, ya zarce. Dare uku a haka, mutum ya ce kallon taurari ba nasa ba ne, alhali laifin ƙafa ne. Gwajin ba wuya: saita shi a kan wani abu mai nisa, ka ɗan ƙwanƙwasa bututun da yatsa kana leƙawa. In rawar ta wuce daƙiƙa biyu zuwa uku, bar musu kayansu.

Ni dai ba na ba sabon shiga shawarar komai sai irin na Dobson, mai faɗin milimita 130 zuwa 200. Madubi ne irin wanda Newton ya ƙera a 1668, aka ɗora shi a kan akwatin katako mai juyawa, salon da John Dobson ya yayata a Amurka. Sama da ƙasa, hagu da dama, da hannu kake turawa, ya tsaya inda ka bar shi. Kuɗinka kusan duk a madubi yake tafiya. Mazaunin nan mai ƙarfen nauyi da sai an saita shi da tauraron arewa, a bar shi sai an goge. Mai kwamfuta ma haka, sai ka nuna masa taurari biyu ko uku kafin ya kai ka ko'ina, ga cin batir. Amma ka ɗaga kayan tukuna: mai 200 ya kan kai kilo 20, kuma wanda ya fi ƙarfinka ba zai riƙa fita tsakar gida ba. In aljihu bai kai ba, tabaron hangen nesa mai lamba 10x50 ya fi madubin banza, ka duba kaza da 'ya'yanta da shi ka gani.

Gilashin ido, wato ƙaramin gilashin da ake leƙawa ta cikinsa, biyu sun isa, mai milimita 25 da mai 10, masu kaurin inci 1.25. Raba tsawon da aka rubuta a jikin bututu da lambar gilashin: 1200 a raba da 25 ya ba ka 48, a raba da 10 ya ba ka 120. Kullum da mai 25 ake farawa.

Ƙaramin madubin saiti da ke bisa bututu da rana ake daidaita shi, a kan kan wata bishiya mai nisa. Fitar da kayan waje rabin awa kafin ka fara, su yi sanyi daidai da iska. Saka manhajar Stellarium, mai nuna taswirar sama, a waya. Fara da wata yana ɗan kwana bakwai, lokacin da inuwa ke fito da ramukansa. Gajimaren taurari kuwa toka-toka za ka gan su, ba launin hotunan Hubble, madubin da ke sararin samaniya, ba. Kada ka kuskura ka juya madubin wajen rana ba tare da matatar rana ta musamman a bakinsa ba, nan take yake ƙona ido, kuma kada a bar shi a waje da rana inda yara za su kai hannu.