Yadda ƙauye zai riƙe dajinsa ya kuma ci abinci da sukarin bishiya

Toh kafin a zo maganar tukunya da wuta, ku fara sanin dajin nan na waye a takarda. Mutane sun fi son su tsallake nan su tafi wajen dafa sukari tunda can kuɗin yake, amma bishiyar aren, wata dangin kwakwa da ake tatsar ruwanta mai zaƙi a Indonesiya, tana iya kai shekara 8 zuwa 12 kafin ta fara ba da ruwa, kuma ba wanda zai yi wa bishiya wahalar shekara goma in yana tsoron a wayi gari an miƙa wa wani kamfani filin. Shi ya sa gwamnatin Indonesiya take ba ƙauyuka da ƙungiyoyin manoma izinin kula da daji na shekara 35, ta kuma sa burin hekta miliyan 12.7 tun 2015. A Nepal dokar daji ta 1993 ce ta ba ƙungiyoyin masu amfani da daji iko, yanzu sun haura 22,000, dajin ƙasar kuma ya farfaɗo sosai. Don haka ku yi wa ƙungiyarku rajista, ku taka iyakar dajin da ƙafa tare da maƙwabta, a ɗauki alama da GPS na waya, a ƙirga bishiyoyin da ake tatsa da waɗanda basu isa ba a shafa musu fenti.

Sai doka, kuma gara ta zama gajera wadda kowa zai iya faɗa da ka: wa ke da wace bishiya, ina aka hana sara, nawa ne tara. Elinor Ostrom, masaniya 'yar Amurka da ta ci kyautar Nobel a 2009, ta nuna cewa inda kula da daji na haɗin gwiwa yake ɗorewa, masu amfani da dajin su ke sa dokar su ke gadi, hukunci kuma yana farawa da gargaɗi ne kafin ya yi nauyi. Ni dai a ganina kwamitin da babu mata a ciki ɓata lokaci ne, don mazan ke hawa bishiya amma yawanci matan ke gaban wuta, su suka san icen da yake tafiya kullum.

Yanzu tatsa. A aren furen namiji ake nema, na macen ana barinsa ya yi 'ya'ya. Kafin a yanka sai an yi makonni ana bubbuga sandar furen da ɗan gudumar katako a hankali, ana kuma lilo da ita, don hanyoyin ruwan su buɗe. In ka buga da ƙarfi ka kashe ta, in ka yi sanyi ruwa ba zai zo ba, wannan sai dai ka tsaya kusa da wanda ya iya ka ga hannunsa. In furen ya fara ƙamshi ƙudan zuma sun fara taruwa, sai a datse kan, a rataya gora ko jarka mai tsabta, a rufe bakin kar ƙwari da ruwan sama su shiga. Safe da yamma za ka hau ka sauke, kuma duk hawa sai ka ƙara fere bakin sandar siriri kamar takarda da wuƙa mai kaifi, in ka tsallake kwana ɗaya bakin ya bushe ruwa ya ja baya. Fure ɗaya yakan yi watanni yana zuba. A Kambodiya da kudancin Indiya kuwa wata 'yar'uwar giginya suke tatsa, can matse furen ake yi da itace maimakon duka. Don Allah a sa igiya a ƙugu, faɗowa daga bishiya ita ce babbar asarar wannan sana'a, kuma ba laifi ƙungiya ta ware ɗan asusu saboda haka.

Inda akasari ake yin asara shi ne tsakanin bishiya da tukunya. Ruwan nan zaƙinsa wajen kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ne, cikin 'yan awoyi yake fara tsami ya kama hanyar zama bammi, in kuwa ya yi tsami ko ka kwana kana dafawa ba zai daskare ba, sai dai ka samu wani abu mai danƙo da ba ya shiga kasuwa. Maganinsa tsabta ce kawai. A wanke gorar da tafasasshen ruwa, wasu har hayaƙi suke mata, a ɗan ɗiga ruwan farar ƙasa ko a jefa guntun itacen da masu sana'ar yankin suka saba sawa. Da an sauke a tace da ƙyalle a ɗora a wuta, in tukunya bata cika ba a tafasa shi ko sau ɗaya a ajiye har na yamma ya iso.

Dahuwa awa uku zuwa huɗu ce ko fiye, a faffaɗar tukunya, ana kwashe kumfa, in zai zube a ɗiga man kwakwa kaɗan ya kwanta. In ya yi kauri ya koma ja sai ka ɗiga a ruwan sanyi, in ya dunƙule ya yi, a sauke a juya a zuba a ɓawon kwakwa ko zoben gora ya fito kamar mazarƙwaila. Mai son na gari sai ya ci gaba da juyawa bayan an sauke har ya wargaje, a tankaɗe a shanya. Na garin ya fi daɗewa ya fi kuɗi, amma sai ruwa mai kyau sosai yake yarda. Ku sa a rai lita 7 zuwa 10 ne ke ba da kilo ɗaya.

Kun ga kenan sauran duk ruwa ne da wuta za ta ƙone, kuma anan sana'ar take iya juyowa ta cinye dajin da ya haife ta. Kowane gida da murhunsa na duwatsu uku, kullum, shekara da shekaru, ai ba sai an kawo injin sara ba daji zai ƙare. Ku ware fili na itatuwa masu saurin girma don girki kawai, ku gina murhu mai rufi da bututun hayaƙi, in zai yiwu gida biyar ko goma su haɗa ruwansu su dafa wuri ɗaya. A garin Tomohon da ke arewacin tsibirin Sulawesi na Indonesiya har masana'anta aka yi da take dafa ruwan aren da tururin zafin ƙarƙashin ƙasa don kar a taɓa icce. Ba kowa ke da wannan gatan ba, amma lissafin icce dole ya shiga littafin ƙungiya kamar yadda kuɗi yake shiga.

Wajen sayarwa ku tara kaya ku sayar tare, ku yi nesa da bashin dillali na kafin kaya, don wanda ya ci bashi ba shi da bakin ciniki. Duk wanda aka kama ya gauraya farin sukari a ciki a dakatar da shi, mutum ɗaya yana iya ɓata sunan gari gaba ɗaya. Sukarin Kampong Speu na Kambodiya ya samu rajistar sunan yankinsa a 2010, da ƙa'idar da duk mai son amfani da sunan sai ya bi.

Abu na ƙarshe da ake mantawa, aren in ta fara fure daga sama take gangarowa, in na ƙasa ya fito ta gama kenan, mutuwa za ta yi. Da wata magen daji da ake kira luwak ake dogara, ta ci 'ya'yan ta watsa irin, amma wannan bai isa sana'a ba. Ku yi wurin renon dashe, ku sa doka duk mai tatsa ya dasa wasu kowace damina a gangare da bakin rafi inda saiwarta ke riƙe ƙasa, a rubuta shekarar dashen a littafi don a san wadda za ta karɓi wadda ta mutu.