Yadda ake zaɓar igiyar tsalle da daidaita tsayinta

Da yawa daga cikin masu fara tsallen igiya da suka daina cikin mako guda, ba ƙafa ce ta ba su matsala ba, igiyar ce. Ko dai sun sayi irin da ba ta dace da ɗan koyo ba, ko kuma sun yi ta fama da ita a tsayin da ta zo da shi daga kanti.

Fara da irin igiyar. Ka nemi ta roba mai kaurin milimita 4 zuwa 5. Tana da ɗan nauyin da za ka ji inda take a iska ba sai ka kalle ta ba, kuma tana da araha. Mai jerin gutsattsarin roba kamar carbi ita ma tana da kyau ga ɗan koyo, don ba ta nannaɗewa, kuma ƙarar da take yi a ƙasa tana koya maka lokacin tashi. Ta zare ko auduga kuwa, bar wa yara: ba ta da nauyi, iska na riƙe ta. Siririyar wayar ƙarfen nan ta masu gudu, kar ka taɓa ta tukuna. Ta fi ƙarfin idonka da ƙafarka, kuma in ta zane ka a ƙwauri sai ta bar shati kamar bulala. Mai nauyi sosai ma ba ta farko ba ce, kafaɗa za ta gaji kafin ka koyi komai.

Duba mariƙin kafin ka biya. Riƙe shi, ka murza igiyar da yatsa. In ba ta juya a cikinsa salin-alin ba, ajiye ta. Mai boris ya fi daɗi, amma ba dole ba ne. Mai ƙidaya tsalle a jiki kuwa ƙarin kuɗi ne kawai. Abin da ya zama dole shi ne igiyar ta zama mai ragewa. In kana shakka, ɗauki mai mita 3, domin doguwa ana rage ta, gajeriya kuwa sai dai a sake saye.

Yanzu awo, inda ake yin ɓarnar. Sa takalmin da za ka riƙa tsalle da shi, ka taka tsakiyar igiyar da ƙafa ɗaya. Ɗaya, ba biyu ba. In ka taka da biyu a ware, ka cinye tsayin da ba ka lissafa ba. Ka miƙe sosai, ka ja mariƙan biyu sama a jikinka har igiyar ta miƙe. Ga ɗan koyo, kan mariƙan ya tsaya a hammata. In ya wuce kafaɗa, ta yi tsawo. Mai son lissafi ya ƙara kamar santimita 90 a kan tsayinsa: mutum mai mita 1.70 yana buƙatar igiya kusan mita 2.60, ban da mariƙi.

Kada ka yanke a ranar. Wannan shi ne kuskuren da ba ya gyaruwa. Ka ɗaura ƙulli ɗaya a ƙasan kowane mariƙi, ka gwada. Bai isa ba, ƙara wani. Amma ka riƙa yi a ɓangarorin biyu daidai, in ba haka ba igiyar za ta karkace tana dukan ƙafa ɗaya. Ka yi kwana uku ko huɗu a haka kana lura.

Ga abin lura. In igiyar tana faɗuwa can gaba da kai da ƙara, tana ja a ƙasa kafin ta iso ƙafarka, ta yi tsawo. In tana goge maka kai ko tana kama yatsun ƙafa, kar ka yi saurin cewa ta yi gajarta, dubi hannuwanka tukuna. Da zarar ɗan koyo ya fara gajiya sai ya buɗe hannuwa kamar mai shirin tashi sama, kuma duk buɗewar da ka yi gajarta igiyar kake yi. Gwiwar hannu ta zauna kusa da haƙarƙari, tafin hannu daidai ƙugu, ɗan gaba kaɗan, wuyan hannu ne ke juya igiya, ba kafaɗa ba. Ka sa wani ya ɗauke ka bidiyo da waya daga gefe. Igiyar da ta yi daidai tana wuce kai da kamar taƙi ɗaya, ta ɗan taɓa ƙasa gaban yatsu kaɗan.

Sai ka tabbatar sannan ka kwance ƙullin ka rage da gaske. A igiyar roba, buɗe murfin gindin mariƙin, ka turo igiyar waje, ka matsar da ɗan abin da ya riƙe ta zuwa inda kake so, ka yanke ragowar amma ka bar kamar santimita 5. A ta waya, ɗan noti ne za ka sassauta da sukuddireba, ka ja, ka ɗaure tam, ka datse da filaya, ka rufe bakin da hularsa ko salatif don kar ya soke ka. In hannunka ya faɗa bayan wata biyu za ka so ka ƙara ragewa zuwa ƙirji; yi kaɗan-kaɗan.

Sabuwar igiyar roba takan zo a lanƙwashe. Tsoma ta a ruwan zafi minti kaɗan, ban da mariƙin, ka rataye ta ta miƙe. Siminti mai kaushi yana cin tsakiyar igiya, don haka ka shimfiɗa leda mai kauri ko tsohon kafet. Kar ka bar ta a rana, kuma kar ka nannaɗe ta a jikin mariƙi in ka gama, rataye ta a ƙusa.